Lauya a cikin asibiti: abin da likitoci ke so da abin da suke ɗari-ɗari da shi

Yaro mai ciwon asma da aka sallama daga asibiti numfashinsa ya daidaita yana iya dawowa kan gadon nan kafin wata ya zagayo, ko da uwarsa ba ta tsallake ba shi magani ko sau ɗaya ba. Likitocin yara a unguwannin talakawa na Amurka da Ingila sun san wannan sarai, sun kuma san dalili: ɗakin da yaron yake kwana yana da danshi, bango ya yi funfuna, kyankyasai da ɓeraye sun yi kaka-gida, mai gidan haya kuwa ya toshe kunnensa. Likita zai ƙara ƙarfin maganin shaƙa, ya sake ƙarawa, amma aikinsa ya zama na mai kwalfe ruwa daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Abin da zai tilasta a gyara rufin yana cikin dokar gidajen haya, ita kuwa ba a koyar da ita a makarantar likitanci.

Wannan ne ya sa a shekarar 1993 Dakta Barry Zuckerman, shugaban sashen yara na asibitin birnin Boston, wanda a yau ake kira Boston Medical Center, ya kawo lauya ya zaunar a cikin sashensa. Ba lauyan da zai kare asibiti ba ne, ba kuma wanda zai kai likitoci ƙara ba. Lauyan mara lafiya ne, kyauta, aikinsa kuma ya tsaya kan matsalolin rayuwa da ke hana magani ci. Daga wannan ɗan gwaji tsarin ya bazu zuwa ɗaruruwan asibitoci da cibiyoyin lafiya a kusan kowace jiha ta Amurka, har aka kafa masa cibiya ta ƙasa, wadda daga baya ta koma Jami'ar George Washington. A Birtaniya ya ɗauki wata kama: galibi ƙwararren mai ba da shawara kan tallafin gwamnati da bashi da gidaje ne ke zama a asibitin unguwa rana ɗaya ko biyu a mako, sau da yawa daga Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta. A Ostareliya an kafa Health Justice Australia a 2016 don haɗa kan masu irin wannan aiki.

Matsalolin da ake kawo wa waɗannan lauyoyi sun kasu gida biyar: kuɗin shiga da tallafi da inshorar lafiya; gida da wuta da gas; makarantar yara da haƙƙin ma'aikaci; takardun izinin zama a ƙasa; sai zaman lafiyar iyali, wato umarnin kotu na nisanta mai duka, riƙon yara, da wakilcin wanda ya daina iya yanke wa kansa shawara.

Me ya kai su ɗakin likita tun farko? A Amurka, wanda ake tuhuma da laifi ne kaɗai tsarin mulki ya ba shi haƙƙin lauya kyauta. Wanda za a kora daga gida ko aka yanke wa tallafi ba shi da wannan tabbaci a yawancin wurare. Hukumar da ke ɗaukar nauyin agajin shari'a ta ƙasar, Legal Services Corporation, ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa masu ƙaramin ƙarfi ba su samu taimakon lauya ba, ko ba su samu isasshe ba, a kashi 92 cikin ɗari na manyan matsalolinsu da ba na laifi ba. A Ingila kuma dokar 2012 da ta fara aiki a watan Afrilun 2013 ta cire yawancin shari'o'in tallafi da bashi da aiki da wani ɓangare na gidaje daga agajin shari'a. Ofisoshin ba da shawara da dama suka rufe. Ƙofar da ta rage a buɗe, wadda ba a biyan kuɗi kuma ba a jin kunyar shigarta, ita ce ta likitan unguwa. Binciken Citizens Advice na 2015 ya nuna likitocin unguwa a Ingila suna kashe kimanin kashi 19 cikin ɗari na lokacin ganin marasa lafiya kan abubuwan da ba na jinya ba. Ganin likita a can kuwa minti goma ne bisa al'ada.

Yarda a baki, jan ƙafa a aikace

Idan aka tambayi likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi ko talauci da gida mara kyau suna shafar lafiya, da wuya a samu mai musu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta goyi bayan haɗin gwiwa da lauyoyi a 2007, babbar ƙungiyar likitocin ƙasar ta bi sahu a 2010. Waɗanda suka taɓa aiki da lauya a kusa kuma suna yawan faɗin abu ɗaya: sun samu sauƙi a zuciya. Babu abin da ke cin ran ma'aikacin lafiya kamar ya ji mace ta ce za a fitar musu da kaya waje mako mai zuwa, shi kuwa abin da ke hannunsa takardar magani ce. Samun wanda zai miƙa ta gare shi yana rage wannan nauyi, ya kuma ba shi ƙwarin gwiwar yin tambayar da a da yake kauce mata.

Sai dai wannan yarda tana da sharuɗɗa, kuma a ganinmu sharuɗɗan nan daidai ne. Na farko shi ne kada a sa su tambaya alhali babu inda za su tura mutum. Asibitoci da yawa sun fara ne da fom na tantance buƙatun rayuwa, ana cike shi a kwamfuta, ana ƙirga yawan waɗanda aka tambaya. Amma idan uwa ta daure ta faɗa cewa abinci yana ƙare musu kafin ƙarshen wata, aka rubuta, aka ce ta tafi, an ci amanarta ne. Gobe ba za ta sake faɗa ba, ma'aikacin da ya tambaye ta ma zai daina tambaya. Likitocin yara a Amurka sun yi wannan gargaɗi a mujallun likitanci tun 2016.

Akwai kuma yadda ake tambayar. In aka ce wa mara lafiya, "Kana da wata matsalar shari'a?" zai ce a'a, domin a wurinsa shari'a tana nufin 'yan sanda da kotu. Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce mai kama da hira: "An aiko maka da takardar cewa za a yanke wuta?" "Mai gida ya ba ki notis?" "An dakatar da kuɗin da ake ba ka?" "Makaranta ta ce me kan yaron nan?" Mutumin da ya amsa e ga ɗaya daga cikinsu yana da matsalar da doka ta tanadi mafitarta, ko da bai sani ba.

Wa'adi, abin da likita ba ya gani

Idan akwai abu guda da lauyoyi ke son kowane ma'aikacin lafiya ya riƙe, to wa'adi ne. Likita ya saba da gaggawa irin ta jiki: jini, numfashi, bugun zuciya. Takarda kuwa ba ta ihu. Amma wanda hukumar tsaron zamantakewa ta Amurka ta ƙi ba shi kuɗin naƙasa yana da kwana 60 ne ya nemi a sake dubawa. A Ingila wanda aka hana tallafin masu naƙasa da ake kira PIP yana da wata ɗaya. Wanda aka kai ƙarar kora daga gida a jihar Florida yana da kwanakin aiki biyar ya shigar da amsa, in ya wuce sai alƙali ya yanke hukunci ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Mara lafiya kan zo da takardar a ninke cikin jaka, wani lokaci ko buɗe ambulan ɗin bai yi ba don fargaba. Likitan da ya ce "za mu duba in ka dawo bayan mako shida" ya kashe maganar ba da saninsa ba.

Don haka matakin farko ba ya buƙatar sanin doka ko kaɗan: a karɓi takardar, a duba kwanan watan da ke kanta, a duba wa ya aiko ta, a ɗauki hotonta da izinin mai ita, a sanar da lauya a ranar. Sauran matakan su ne neman izini a rubuce kafin a miƙa bayanin mara lafiya, tura shi ta na'urar ajiye bayanan asibiti ko ta waya, sai lauya ya gana da shi ya tantance girman matsalar. Yawancin abin da ke zuwa ba ya kai wa kotu. Shawara ta rabin sa'a, ko wasiƙa ɗaya mai ɗauke da sunan ofishin lauyoyi, ko cike fom daidai, ya kan isa. Kaɗan ne ke buƙatar wakilci a gaban alƙali. Akwai ma mataki mafi arha da likitoci suka fi yabawa: ya tare lauya a baranda ko ya buga masa waya ya ce, "Ina da mara lafiya mai kaza da kaza, akwai abin yi?" ba tare da ya ambaci suna ba. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan sun san juna, suna haɗuwa a taron sashe, suna shan shayi wuri ɗaya.

A nan ne tsare-tsare da yawa ke faɗuwa. Ba mai ba da shawara ɗaki a asibiti ba ya isa. Binciken da aka yi a asibitocin unguwa na Landan ya nuna akwai likitocin da ba su ma san ana wannan aiki a gininsu ba, wasu kuma sun sani amma sun manta. Ma'aikata suna canzawa, sababbin likitoci masu neman ƙwarewa suna zuwa duk shekara, don haka horo na sau ɗaya ba ya ɗorewa. Sannan idan likita ya tura mutum goma bai taɓa jin abin da ya faru da ko ɗaya ba, na goma sha ɗaya ba zai tura shi ba.

Wasiƙar likita

Babban makamin da ma'aikacin lafiya ke riƙe da shi shi ne shaidarsa, kuma galibi ba ya amfani da ita yadda za ta yi tasiri. Wasiƙar da aka saba gani tana cewa, "Wannan mara lafiyarmu ce, tana fama da ciwon gaɓɓai da ciwon suga, muna roƙon a taimaka mata." Jami'in da zai karanta ba shi da abin yi da ita, domin dokar da yake aiki da ita ba ta tambayi sunan ciwo ba, ta tambayi abin da mutum ya kasa yi ne.

Ɗauki tallafin PIP. Ana auna tafiya da mita: wanda ba ya iya wuce mita 20 yana cikin wani rukuni, mai iya kaiwa 50 yana cikin wani. Kuma ba a ce mutum "yana iya" abu sai in yana yinsa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, cikin lokacin da bai ninka na mai lafiya sau biyu ba, a fiye da rabin ranakun shekara. Wasiƙar da ta ce matar tana tsayawa ta huta bayan 'yan taku kaɗan, in ta tilasta wa kanta sai ta wuni a kwance, kuma haka take a yawancin ranaku, ita ce ke canza hukunci. Fiye da rabin waɗanda suka kai ƙarar hana PIP gaban kotun sauraron koke suna yin nasara, abin da ke nuna yawan hukuncin farko da ake yankewa ba bisa cikakkiyar shaida ba. A Amurka ma haka ne: dole a nuna cewa lalurar ta kai wata 12 ko za ta kai, ko kuma tana iya zama ajali, sannan a fayyace tsawon lokacin da mutum zai iya zama, tsayuwa, ko ɗaukar kaya.

Wasiƙa zuwa ga mai gidan haya kuma sai ta haɗa abu uku: ciwon, lahanin da ke cikin gidan, da alaƙar da ke tsakaninsu a ra'ayin likita, tare da kwanan wata da abin da ake nema a yi. Kada a zuba tarihin jinyar mutum gaba ɗaya. Mai gida ba shi da hurumin sanin cewa ɗan hayarsa yana shan maganin tabin hankali don kawai ana neman a gyara famfo. Kada kuma likita ya rubuta abin da bai gani ba kamar ya gani. "Mahaifiyar ta shaida mana, ta kuma nuna hotuna" magana ce ta gaskiya, kuma tana tsayawa a kotu. Aikin lauya a nan shi ne ya tsara samfurin wasiƙa da likita zai cike cikin minti biyu ko uku. A wani shiri na unguwar Parkhead da ke Glasgow, wanda ya fito daga ƙungiyar likitocin da ke aiki a unguwanni 100 mafi talauci na Sikotlan, an ba masu ba da shawara izinin duba fayil ɗin mara lafiya da yardarsa, su tsara takardar shaida, likita ya karanta ya gyara ya sa hannu. Lokacin likita ya ragu, ingancin shaida ya ƙaru.

Likitoci suna da ƙorafi na gaske kan waɗannan wasiƙu. A Ingila rubuta su ba ya cikin kwangilar likitan unguwa da hukumar lafiya, shi ya sa wasu ke karɓar kuɗi, wasu ma sun daina rubuta wasiƙar gida kwata-kwata. Sai da aka yi fafutuka kafin a daina cajin fom ɗin da ke shaida wa masu bin bashi cewa mutum yana da lalurar ƙwaƙwalwa a 2019, kuma dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta haramta karɓar kuɗi kan wasiƙar da wadda aka ci zarafinta ke buƙata don samun lauyan gwamnati. Akwai kuma tsoron zama alƙali: in likita ya ƙi rubuta abin da mara lafiya yake so domin bai yarda da shi ba, dangantakar shekaru na iya lalacewa. Maganin wannan shi ne likita ya tsaya kan abin da ya auna da abin da ya gani, ya bar hukunci ga masu hukunci.

Ba kowane lokaci wasiƙa da lauya suke ceto ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Awaab Ishak, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, ya rasu a garin Rochdale na Ingila a watan Disamban 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. Binciken musabbabin mutuwa na 2022 ya tabbatar da cewa funfunar gidan hayar da suke ciki ce ta lalata masa numfashi. Mahaifinsa ya fara kai koke tun 2017. A 2020 ma'aikaciyar lafiya mai ziyarar gida ta rubuta wa hukumar da ta ba su hayar gidan, iyalin kuma sun ɗauki lauyoyi. Amma tsarin hukumar a lokacin shi ne ba a gyara gidan da ake taƙaddamar shari'a a kansa sai an cimma matsaya, don haka shigowar lauya ta zama dalilin jinkiri. Dokar da aka yi da sunan yaron, wadda ta fara aiki a ranar 27 ga Oktoban 2025, ta wajabta wa masu gidajen gwamnati da na ƙungiyoyi su binciki danshi da funfuna mai haɗari cikin kwanakin aiki 10, su kuma kawar da haɗarin gaggawa cikin sa'a 24. Yanzu wasiƙar ma'aikacin lafiya mai ɗauke da kwanan wata tana da abin da za ta jingina da shi.

Sirri iri biyu a rufi ɗaya

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma shi ne shugabannin asibiti suka fi tsoro. Likita yana da amanar sirrin mara lafiya, a Amurka ƙarƙashin dokar HIPAA ta 1996. Lauya ma yana da tasa kariyar: abin da wanda yake karewa ya gaya masa ba a tilasta masa faɗa a kotu. Amma biyun ba ɗaya ba ne. Kotu tana iya neman fayil ɗin asibiti, kamfanin inshora ma yana ganin wani sashensa. Saboda haka duk abin da lauya ya gaya wa likita kan shari'ar, likitan ya rubuta a fayil, ya fita daga kariya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce fayil ɗin asibiti ya nuna an tura mutum kuma an karɓe shi, sai taƙaitaccen sakamako in ya yarda, ba fiye da haka ba. Yawancin lauyoyi suna kuma gargaɗin kada a rubuta matsayin takardun zaman mutum a fayil ɗin jinya.

Sannan doka ta wajabta wa likita da nas su kai rahoto idan suna zargin ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi, alhali a yawancin jihohin Amurka ba ta ɗora wa lauya wannan ba. Uwar da ke zaune a gida babu wuta a tsakiyar hunturu tana tsoron in ta faɗa wa likita za a ƙwace mata 'ya'ya. Wannan tsoro ba shaci-faɗi ba ne, kuma shi ne ke sa wasu su fi sakin jiki da lauya. Dole a gaya wa mutum tun a zaman farko wa zai ji me, kada kuma ma'aikacin lafiya ya zauna cikin ganawar lauya da wanda yake karewa sai an yi tunani a kai.

Tsoron cewa "mun kawo wanda zai kai mu ƙara" ana magance shi ne a takardar yarjejeniya: lauyan haɗin gwiwa ba ya karɓar ƙarar sakacin jinya a kan asibitin da yake zaune. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne idan asibitin ne da kansa ke bin mara lafiyar bashi. Yarjejeniyar da ba ta faɗi yadda za a yi a irin wannan hali ba, ba ta cika ba.

A Nijeriya inda wannan haɗuwa ta fi fitowa fili ita ce cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, kamar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013 da Waraka ta Kano, inda rahoton likita ke zama shaida a kotu. Matsalolin iri ɗaya ne: abin da aka rubuta da yadda aka rubuta shi, wa zai gani, da ko likitan zai samu lokacin zuwa ba da shaida.

Me bincike ya tabbatar?

Mafi ƙarfin hujja ta fito ne daga Cincinnati, inda asibitin yara da ƙungiyar agajin shari'a suka haɗa kai tun 2008. Likitoci daban-daban suna tura iyalai masu koke kan gida, kowanne yana ganin nasa shi kaɗai. Lauyoyin ne suka lura cewa gidaje 16, masu ɗauke da yara 45, duk na kamfani ɗaya ne mai rukunin gine-gine 19. Aka taimaka wa 'yan haya suka kafa ƙungiya, daga ƙarshe rukuni 11 suka samu babban gyara, har da iyalan da ba su taɓa zuwa asibitin ba. Wani bincike na 2022 a kan wannan shiri ya samu raguwar kwantar da yara a asibiti da kusan kashi 38 cikin ɗari a shekarar da ta biyo bayan tura su ga lauya. A Boston kuma yawan wasiƙun hana yanke wuta da likitoci ke rubutawa ya sa aka kai batun gaban hukumar kula da kamfanonin wuta da gas ta jihar Massachusetts, aka rage yawan sabunta wasiƙar, aka kuma faɗaɗa ma'aikatan lafiyar da ke iya sa hannu a kanta.

Amma likitoci mutane ne masu neman hujja, kuma suna da gaskiya in suka ce yawancin binciken ƙanana ne, ba a kuma kwatanta su da rukunin da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a ba. Inda aka yi irin wannan gwaji mai tsauri, sakamakon ya rabu. Gwajin da aka yi da iyalai 330 masu jarirai a Boston ya nuna ƙaruwar yin rigakafi a kan lokaci da raguwar zuwa sashen gaggawa. Wani kuma da aka yi a arewa maso gabashin Ingila da dattawa 755 masu shekara 60 zuwa sama bai samu bambanci a ingancin rayuwarsu ba bayan shekara biyu. Binciken Landan ya samu raguwar ƙuncin kuɗi, amma yawan zuwa ganin likita bai ragu ba. Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne ana kwato wa mutane kuɗi da gidaje da haƙƙoƙi, damuwa kuma tana raguwa. Wanda ya yi wa asibiti alkawarin cewa layin marasa lafiya zai ragu cikin shekara ɗaya ya faɗi abin da ba shi da shaidarsa, kuma ranar da aka duba lissafi shirin ne zai biya.

Kuɗi da ƙarfin ɗauka

Lauya ɗaya ba zai iya ɗaukar duk wanda babban asibiti zai turo ba. In an fara tantancewa da gaske, buƙata takan ninka ƙarfinsa cikin 'yan watanni, layin jira ya yi tsawo, wa'adi ya riƙa wucewa. Shi ya sa shirye-shirye masu ɗorewa suke fara da sashe ɗaya da matsala iri ɗaya ko biyu, su bar jami'in walwala da mataimakin lauya su tace, lauya ya karɓi abin da sai shi. Akwai ma iyakar da doka ta sa: ofisoshin da ke karɓar kuɗin Legal Services Corporation suna karɓar waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba a bisa ƙa'ida, an hana su wakiltar yawancin baƙi marasa takardu, an kuma hana su shigar da ƙarar gayya a madadin jama'a tun 1996. Likitan da bai san wannan ba zai yi ta tura mutanen da za a mayar.

Inshorar lafiya ba ta saba biyan aikin lauya ba, don haka yawancin shirye-shiryen suna rayuwa ne kan tallafin gidauniyoyi na shekara ɗaya zuwa uku. An samu 'yar ƙofa a 2014 da hukumar da ke kula da cibiyoyin lafiya na al'umma a Amurka ta amince su yi amfani da kuɗin tarayya wajen samar da agajin shari'a, gwamnatin Sikotlan kuma ta ware kuɗi a 2021 don sanya masu ba da shawara a asibitocin unguwa 150. Duk da haka shari'ar neman kuɗin naƙasa a Amurka tana iya ɗaukar fiye da shekara kafin a kai gaban alƙali, wato tana iya wuce tsawon tallafin da aka buɗe ta da shi. Saboda haka tun ranar sa hannu yarjejeniyar ta fayyace wanda zai ci gaba da riƙe shari'o'in da ba a gama ba idan kuɗi ya ƙare, wata nawa kafin lokacin za a daina karɓar sababbi, da wanda zai sanar da likitoci da marasa lafiya inda za su koma.